Inna, Ban Shiga Kasuwar Anka Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uwa, da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ni ne ɗanki Lawali nake rubuto miki daga Sakkwato. Wata bakwai ke nan da muka kai ki. Na san ko da kina raye sai an karanta miki wannan takarda, na kuma san wasu za su karanta ta, har da ɗalibaina. Su karanta. Akwai maganar da na riƙe shekara uku ban faɗa miki ba, kuma ta hana ni sakewa.

Kin san ni malami ne a jami'a, amma ban taɓa zama na ba ki labarin abin da nake koyarwa ba. Da aka ɗauke ni aiki, gab da ƙarshen mulkin soja, sai aka ba ni darasin da manyan malamai ke gudu. Darasi ne da kowane ɗalibi sai ya yi, ko da ba kimiyya ta kawo shi ba. Masu karatun Larabci, masu Hausa, masu shari'a da masu tarihi, duk a ɗaki ɗaya, wasu a zaune kan taga. Rabona a ciki shi ne sha'anin sama: rana, wata da taurari.

Ranar farko na ɗauki alli na rubuta Ilimin Taurari a kan allo, na juyo ina murmushi. Wani dattijo mai furfura a gemu, malamin Islamiyya ne da ya zo ƙaro karatu, ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, mu karatu ya kawo mu, ba duba ba." Ban san lokacin da na goge rubutun da hannun rigata ba. Na yi ta bayani cewa wannan ba bugun ƙasa ba ne, ba ruwansa da sa'ar mutum ko ranar aurensa. Ya zauna, amma bai rubuta komai ba har aka tashi. Tun daga ranar, Inna, kullum da tsoro nake shiga wannan ɗaki.

Da ke na yi ta kare kaina, ba ki sani ba. Nakan ce musu uwata ba ta san harafi ɗaya na boko ba, amma da tauraron Gamzaki take tashi daka da asuba, kuma ita ta fara nuna mini taurarin Kaza da 'ya'yanta a sama tun ina goye. Sai su yi dariya, jikinsu ya saki. Daga nan in ɗauko lemo da fitila, in sa a rufe tagogi, in zagaya da lemon su ga yadda wata ke cika yana raguwa. Wata rana na ji wani a baya ya ce, "Kai, ashe haka abin yake!" Don irin wannan kalma na ci gaba da aikin. Amma kowace jumla sai na auna ta kafin ta fita, kuma ban taɓa rufe darasi ba sai da "Allah ne mafi sani."

Haka na yi shekaru ina lallaɓawa, har shekarar husufin rana ta zo.

Tun da sanyi na ga lissafin. Inuwar wata za ta ratsa ƙasarmu da bazara, kuma Anka, garin da ke kusa da ƙauyenmu, na cikin hanyarta. Murna ta sa na manta da taka-tsantsan. Na rubuta ranar da sa'ar a kan allo. Na ce da hantsi ne, za a yi duhu kamar magariba na minti uku da ɗan wani abu, mutanen Anka za su ga taurari da rana tsaka, mutanen Gummi kuwa za su ga saura ƙiris ta rufe duka.

Akwai wani ɗalibi mai suna Murtala, ɗan Gummi, yana karatun shari'a. A gaba yake zama, kuma ko tari na yi sai ya rubuta. Da aka yi hutun Babbar Salla ya je gida ya ba da labarin cikin alfahari, cewa malaminsu, ɗan ƙasar nan, ya san ranar da rana za ta dushe. Maganar ta bar Gummi lafiya lau. Ta bi motocin kasuwa ta kwana Bukkuyum. Kafin ta iso ƙauyenmu ta zama wai ɗan Hajo ya ce ya san gaibu, wasu ma suka ce cewa ya yi zai kashe rana. Daga baya rediyo ta fara sanarwa, amma a wajenmu abin da aka riƙe shi ne ni na fara faɗa, kuma ba a san wanda ya faɗa mini ba.

A ofis na fara tarar da takardu a ƙarƙashin ƙofa, ba suna. Ɗaya ta ce in tuba. Ɗaya ta ce an san gidanmu. Wannan ta biyun ita ta hana ni cin abinci. Kin tuna yadda ƙasar take a shekarun nan. Ba sai an kai mutum gaban alƙali ba, kalma ɗaya a bakin masallaci ta isa ta tara jama'a a ƙofar gida. Ni ina birni cikin katanga. Ke kina ƙauye a gida mai dangar kara.

Sai ga saƙonki ta bakin wani direba: in zo gida. Ba ki ƙara komai a kai ba.

A motar da na shigo, mutum biyu a bayana suna maganata ba su san ni ne ba. Ɗaya ya ce boko ne ya haukata yaron. Ɗayan ya ce ba hauka ba ne, aljanu yake aiki da su, in da shi ke da iko ba zai bar shi ya kwana garin ba. Littafin da ke hannuna akwai hoton wata a bangonsa. Na zare shi a hankali na danne da cinya. Da na kusa da ni ya tambayi aikina, na ce malamin lissafi ne. Har muka sauka Anka ban sake fito da littafin ba.

Na same ki kina tankaɗe a tsakar gida. Ba ki tashi ba. Kika bari na gama gaisuwa, kika dube ni kika ce, "Lawali, kai ka gano wanga abu, ko hwaɗa maka anka yi?" Na ce lissafi ne, Inna, mutane da yawa a duniya sun yi shi, kowa ya sami amsa ɗaya. Kika ce, "Akwai aljani cikin lissahin?" Na ce babu. Kika ce, "To tashi ka ci tuwo." Daga baya ƙanwata ta gaya mini mata sun daina shigowa gidan, ko wuta ba a zuwa ɗiba, kuma a wajen suna an janye tabarma daga inda kika zauna. Ke ba ki taɓa ambata mini wannan ba.

Kashegari Liman ya aiko a kira ni. Na tarar da dattawan gari a zaurensa, da wasu samari a tsaye a waje. Na fara bayani, amma sai kalmomin aji ke zuwa bakina, waɗanda ba wanda zai gane. Ana cikin haka sai ga Murtala a kan babur, ƙura har gira. Ya ji abin da bakinsa ya jawo, ya taso tun daga Gummi. Ya durƙusa ya gaida Liman, ya nemi izinin magana. Ya nuna kalandar lokutan salla da ke rataye a bango, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan takarda ta faɗi lokacin da rana za ta faɗi gobe, da jibi, har ƙarshen shekara. Wanda ya rubuta ta ya san gaibu ne?" Misalin da na ba su a aji ne, Inna. Ni na manta da shi don tsoro, shi ya riƙe.

Liman ya daɗe yana duban kalandar. Ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya, wannan ba sabon zance ba ne ga mai karatu. Ya ce zai tara jama'a a sa'ar da na faɗa, in abin ya auku a yi sallar husufi kamar yadda aka umarta, in bai auku ba a yi addu'ar damina a watse. Na ji kamar an sauke mini dutse. Amma da muka fito, wani daga cikin samarin ya matso kusa da kunnena ya ce, "In ba ta dushe ba kai maƙaryaci ne. In ta dushe kuma mun san abin da kake." Ya tafi abinsa.

A ranar na gaya miki abin da ya fi damuna. Na ce duhun ba ya cutar da kowa, kallon ne haɗari. In rana ta fara ragewa ido ba ya jin zafinta, sai mutum ya ƙura mata ido, ita kuwa tana ƙona shi a ciki bai sani ba. Ko a cikin ruwan kwano ba a kallonta, ko da baƙin tabarau. Kika ajiye abin da ke hannunki kika ce in sake faɗa. Na sake. Kika sa na nuna miki yadda za a huda faifai a tara shi, siffar rana ta fito a ƙasa a kalla a nan.

Kika yafa gyale kika fita. Gida gida kika bi, har gidajen da aka janye miki tabarma, har rugar Fulanin da ke bayan rafi. Da kika dawo ƙafafunki sun kumbura. Kika ce, "Mata da ƙanana nawa na. Kasuwa taka ta. Ka tahi Anka ran kasuwa ka hwaɗa ma maza, su kai ƙauyukkansu."

Inna, ga maganar da na ɓoye.

Na tafi Anka ranar kasuwa, saura kwana biyu a yi husufin. Na isa bakin kasuwa, wajen masu rake. Na shirya abin da zan faɗa, na yi niyyar fara zuwa wajen Sarkin Kasuwa ya sa mai shela ya zagaya. Sai na hango saurayin nan da ya yi mini magana a kunne, shi da wasu, a tsaye wajen masu gyaran keke. Ban san ko sun gan ni ba. Har yau ban sani ba. Na ga a raina an zagaye ni, na ga an ɗauki dutse, na ga an biyo ni har gida an cinna wa dangarki wuta. Na juya na shiga rumfar wani mai shayi kusa da tasha, na zauna ina fuskantar bango. Na sha shayi uku da ba na so. Da la'asar ta yi na hau mota na dawo.

Kika tare ni a ƙofar ɗaki kika ce, "Ka hwaɗa?" Na ce na faɗa. Kika ce, "Allah shi yi maka albarka." Ban taɓa jin albarka ta yi mini nauyi irin ta ranar ba.

Ranar ta zo da zafi tun da safe, sama fes ba gajimare. Liman ya tara maza a filin masallaci. Ni ban je ba, na ce zan tsaya da ke. Kika shimfiɗa tabarma a bakin zaure kika zauna da carbi, kamar mai gadin gida. Samarin nan suna can gindin tsamiya suna kallon ƙofarmu. Ina ta duba agogo. Ina roƙon Allah abin ya auku, ina kuma tsoron ya auku.

Faifan ne ya fara nuna mana. Ɗigon hasken da ke ƙasa ya sami gibi a gefe, kamar an gutsiri waina. A hankali ya koma kamar jinjirin wata. Hasken gari ya canza, ba na safe ba, ba na yamma ba, wani iri mai rashin lafiya. Zafin ya janye, iska mai sanyi ta taso. Kajinki suka yi layi suka shige akurki. Awaki suka kama kuka. Daga nesa muka ji kabbarar Liman.

Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya. Wata mata ta ƙwalla ƙara a maƙwabta, yara suka ɗauka. Na ɗaga kai, don a wannan ɗan lokacin kaɗai ake iya kallo. Baƙin rami a tsakiyar sama, da farin haske yana zagaye da shi, ga tauraruwa Zara can gefe tana ƙyalli da hantsi. Shekara nawa ina zana wannan abu da alli, ina yi wa mutane bayaninsa. Da na gan shi sai na zube ƙasa. Lissafin duk ya gudu daga kaina. Kika kama wuyan hannuna, hannunki sanyi ƙalau, kika ce, "Lawali, tana dawowa?" Na ce tana dawowa, Inna. Wallahi a lokacin ni ma ban tabbata ba. Kika ci gaba da jan carbi da ɗaya hannun, ba ki sake ni ba.

Da haske ya tsago daga gefe, zakaru suka yi cara kamar asuba. Na duba gindin tsamiya, ba kowa. Ashe tun farkon duhun samarin suka ruga masallaci suka shiga sahu. Da yamma mata suka cika gidanmu suna yi miki barka, kowace na ba da labarin abin da ta gani a faifanta. A ƙauyenmu ba wanda ya sami matsalar ido, ko mutum ɗaya, har rugar Fulani. Aikinki ne.

Bayan kwana huɗu labarin Mamman Tela ya iso. Kin san shi, mai ɗinkin hula da aikin wuyan riga a layin maɗinka na kasuwar Anka, wanda ya yi mini rigar da na sa ranar da na gama jami'a. Mutum ne da ba ya shiga surutu, ba shi da rediyo, kansa kullum a kan allura. Ba wanda ya gaya masa komai. Da ya ga haske ya ragu ya kasa ganin zare, sai ya fito bakin rumfa ya tsaya yana kallon rana, ya daɗe, yana mamakin ikon Allah. Kashegari ya tashi da baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Yana ganin hanya, yana gane mutum daga gefe, amma kafar allura ta ɓace masa. An kai shi asibiti a Gusau, suka ce sai dai haƙuri. Rumfarsa taku kaɗan ce daga inda na juya.

Ina wurin aka ba ki labarin. Kika ce Allah ya ba shi lafiya, kika tashi kika shiga ɗaki. Ni kuwa na koma Sakkwato a ranar, na ce aiki ya taso.

Tun daga nan ɗalibai suka ƙaru a darasina, takardun ƙarƙashin ƙofa suka ɗauke. Murtala ya gama ya zama lauya, har yanzu yana kirana. Amma wani tsoron ya maye gurbin na da. In na zo gida nakan zagaye kasuwar Anka. In kika ambaci ɗinki sai in tashi. Sau da yawa na zauna a gabanki da niyyar faɗa, sai in tambayi lafiyar awaki. Ranar da kike kwance a ciwon ajali na riƙe hannunki na buɗe baki, kika dube ni, na ce ko in kawo miki ruwa.

Makon jiya na je wajen Mamman. Ya bar ɗinki, yanzu goro yake sayarwa a ƙofar gidansa. Ya gane ni da murya, ya karkata kai yana dubana ta gefen ido. Na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, masu rake, rumfar shayi, har ƙaryar da na yi miki. Ina jiran ya tashi ya bar ni, ko ya faɗi abin da na cancanta.

Ya yayyafa wa goronsa ruwa. Sannan ya ce, "Ai Hajo ta riga ka zuwa. Sati guda bayan abin ta zo nan da ƙahwa, da ƙwaryar hura. Nan inda kake ta zauna. Ta ce, Mamman, na aiki ɗana kasuwa bai iso ba, tsoro ya ji, kuma don ni ya ji shi. Ka yahe mashi, in akwai laihi ka ɗora mani." Ya ce bai amsa miki a ranar ba, ransa a ɓace yake. Kika dawo kasuwa ta gaba, kika sake dawowa. A zuwa na huɗu ya ce ya yafe. Kika roƙe shi kada ya gaya mini, kika ce in Allah ya so ni ɗanki zan zo masa da ƙafata.

Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙo mini rabi, hannunsa ya ɗan kauce daga nawa, na tara na karɓa. Ya ce, "Ka daɗe hanya, Malam."

Inna, ashe shekarun nan duka kina kallona ina tambayar lafiyar awaki. Ashe kin sani tun a ƙofar ɗaki, kika sa mini albarka a kan haka. Innata, ki yafe mini. Na zo, amma na makara da wata bakwai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske. Allah ya saka miki da kowane taku da kika yi tsakanin ƙauyenmu da Anka. Allah ya musanya wa Mamman abin da ya rasa da mafi alheri, ya sa kada tsorona ya sake zama cutar wani. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Lawali.